Tsibiri a Tsakiyar Rairayi: Yadda Baƙi Suka Zo Abzin, da Yadda Suka Ɗauke Ƙafa

Wani dare a ɗakinmu na kwanan ɗalibai a Yamai, wani abokina ya miƙo mini wayarsa yana nuna mini bidiyon Zanzibar. Irin bidiyon nan ne da ake jera wurare goma da ya kamata baƙo ya gani: farin yashi, ruwa shuɗi kamar an zuba shuni, manyan kunkuru, gonakin kanumfari, tsohon gari mai ƙofofin katako. Da muka gama kallo sai ya dube ni ya ce, "To kai ɗan Ciro, ku mi gare ku ban da gawayi da ƙura?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta kwana da ni. An haife ni a Cirozerin, shekarata ashirin da biyu, ban taɓa zuwa Timiya ba, ban taɓa ganin raƙuman dawan Dabus ba, alhali akwai lokacin da mutane ke biyan kuɗin jirgi daga Faransa da Jamus da Italiya don su gan su.

Da hutu ya zo na koma gida, na kai maganar wurin kawuna, wanda ya yi shekaru yana tuƙa turis cikin kat-kat, wato motar nan mai ja da ƙafa huɗu. Bai ce komai ba sai da ya gama zagaye na farko na shayi, sannan ya jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai hotuna da suka fara ja, da katunan gaisuwa masu tambarin ƙasashen waje, da taswira guda da ta yage a kan layin ninki. Ya shimfiɗa ta a tabarma ya ce, "Duba, ɗana. Ka ce ma abokinka mu ma tsibiri gare mu." Na duba, kuma haka ne. Duwatsun Abzin sun fito baƙi ƙirin a tsakiyar takarda, rairayin Tenere ya kewaye su daga gabas, filayen Talak da Irhazer daga yamma.

Maganar kawu ba ta zolaya kaɗai ba ce. Saboda tsayin duwatsun, Abzin na samun ruwan sama fiye da hamadar da ke kewaye da shi, shi ya sa ake samun itatuwa da dabbobin da asalinsu na Sahel ne, har da birai, a wurin da bai kamata a same su ba. Ƙololuwar Idukal-n-Tages a kan dutsen Bagzan ta kai mita 2022, ita ce wuri mafi tsawo a Nijar. A 1988 gwamnati ta keɓe yankin Abzin da Tenere, faɗin hekta miliyan 7.7, kuma a 1991 UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Tsohon garin Zanzibar da abokina ke yi mini gori da shi sai a shekarar 2000 ya shiga wannan jerin.

Kafin a san kalmar turis

Baƙunta a Abzin ba da kat-kat ta fara ba. A 1353 Ibn Battuta ya sauka Takadda, garin tagulla, wanda masu binciken ƙasa ke ganin shi ne kangon Azelik, yamma da mu. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci zuwan Abzinawa Gobir a zamanin Sarki Yakubu, cikin ƙarni na 15, da yadda gishiri ya wadata a ƙasar Hausa daga lokacin. Gobirawa kansu suna riƙe da labarin cewa a Abzin kakanninsu suka zauna kafin su gangara kudu. Ayarin raƙuma kan tashi da kaka zuwa Fashi da Bilma, ya ɗauko kantun gishiri da dabino, ya kai Damagaram da Katsina da Kano, ya komo da hatsi da tufafi. Rawanin nan mai ƙyalli da dattawanmu ke naɗawa ranar sallah, a Kura ta ƙasar Kano ake rina shi.

A watan Oktoba na 1850 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya shiga Agadas. Abin da ya ja hankalina a matsayina na ɗalibin ilimin harshe shi ne ya tarar mutanen garin suna magana da wani harshe dangin Sanwai, Emgedesi, har ya rubuta kalmominsa. Yau babu mai jin wannan harshe a Agadas, Hausa ta maye gurbinsa. Ɗan'uwansa Tasawak ne ya rage a bakin mutanen Ingal. Hasumiyar masallacin da Barth ya gani tana nan, mita 27, ginin laka da itace. An fara gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844, shekara shida kacal kafin zuwansa.

Bayan masu alƙalami sai masu bindiga. Daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 Kawsan da mutanensa, tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, suka yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya. Da aka karya su, ramuwar da ta biyo baya ta watsa mutanen duwatsu, garuruwa suka zama kufai, da yawa suka gudu kudu. Kangon Asode, tsohon birnin Abzin da ya riga ya fara mutuwa tun kafin nan, daga baya ya zama wurin da ake tsayar da kat-kat a ɗauki hoto. Kawu ya ce sau da yawa ya tsaya can da baƙi, amma ba kowane ne ke tambayar ina mutanen suka tafi ba.

Zamanin kat-kat

Abubuwa biyu suka buɗe hanya kusan a lokaci ɗaya. Na farko yuraniyom. An gano shi a Azelik a 1957, Somair ta fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak ta bi baya a Akokan a 1978. Don a ba su wuta aka kafa Sonichar a 1975, ta riƙa haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren, tashar wutarta ta fara aiki a 1981. Garinmu ke nan, da gawayinsa da ƙurarsa. Saboda yuraniyom ɗin ne kuma aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit ta Agadas, kuma kwalta ba ta tambayar wanda ya hau ta. Injiniyoyin Turawa da iyalansu su ne suka fara fita yawo cikin duwatsu ranakun hutu, masu ratsa hamada daga Tamanrasat ta Asamaka suka biyo.

Na biyu tseren motoci na Paris-Dakar. Tun karonsa na farko, a Janairu 1979, ya ratsa ta Agadas, a 1983 ya shiga Tenere, guguwar rairayi ta ɓatar da ƴan tsere masu yawa, duniya ta kalli abin a talabijin. Daga nan sunan Tenere ya shiga bakin mutanen da ba su san ma a wace ƙasa yake ba. Wanda ya fi kowa gane abin da ke cikin wannan shi ne Mano Dayak, ɗan kwarin Tiden, nan arewa da mu, wanda ya kafa kamfanin yawon buɗe ido na Temet. Matasan da iyayensu madugai ne, waɗanda farin 1973 da na 1984 ya kashe musu dabbobi, suka zama direbobi da gid da masu dafa abinci. Ilimin taurari da rijiyoyi da sawun raƙumi, wanda da ake kai ayari Bilma da shi, ya koma kai anasara.

Na tambayi kawu jerin wuraren da yake kai su, kamar yadda aka jera na Zanzibar. Ya ƙirga da yatsu. Da farko Tafadak, maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke kusa da mu, inda tun da can masu ciwon gaɓoɓi ke zuwa wanka. Sai Dabus, kusa da hanyar Arlit, inda aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita biyar, kowane da zare daga bakinsa zuwa wani ɗan ƙaramin mutum. Masana na ƙiyasta shekarunsu da dubu shida ko fiye. Bafaranshe Christian Dupuy ya rubuta labarinsu a 1987, daga baya aka ɗauki kwafinsu, ɗaya na nan a filin jirgin Agadas. Raƙuman dawa masu rai kuwa sai ka je Kure, kusa da Yamai, ko Gadabeji inda aka mai da wasu a 2018. Dutsen ya riƙe shaidar cewa wurin da muke kira hamada ya taɓa zama daji mai ciyawa da ruwa.

Sai Timiya. A nan muryar kawu ta canza. Ya ce bayan kwana biyu ana hawa da gangara cikin baƙaƙen duwatsu, sai ka faɗo kan lambuna kore shar, lemu da rumman da inabi da dabino, raƙumi ko sa na jan guga a rijiyar takarkart, ga ruwa na zubowa daga kan dutse zuwa wani tafki da ake kira agelmam. "Na ga tsohuwa Bajamusa ta zauna ta yi kuka a wurin," in ji shi. "Mu munka yi zaton ciwo ne." Daga Timiya sai Asode, sai Iferwan, sai tudun rairayin Temet da na Arakaw, inda yashi ke shiga cikin da'irar duwatsu. Masu kwana goma sha biyar su wuce har Bishiyar Tenere.

Labarin bishiyar nan kowa ya ji shi a lakwal, amma zan maimaita. Kandili ce guda ɗaya tilo a kan hanyar Bilma, ayari na ganinta a san an zo rijiya, ba mai karya reshenta ya dafa shayi. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a 1939 sai a zurfin fiye da mita talatin aka sami ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, a cikin filin da babu abin da zai kauce wa sai ita. An kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, aka dasa ta ƙarfe a gurbinta. Turis ɗin da kawu ya kai duk ta ƙarfen suka ɗauka hoto.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin ƙasa. A Gadufawa da gindin tsaunin Tigidit an tono ƙasusuwan dabbobin da suka rayu fiye da shekara miliyan ɗari da suka wuce. Ku dubi sunayen da masana suka ba su: Nigersaurus, Suchomimus tenerensis, Jobaria tiguidensis. Na ƙarshen nan daga Jobar aka ɗauko shi, wani dodo na tatsuniyar Abzinawa da makiyaya ke danganta manyan ƙasusuwan da shi. Ashe makiyayan sun riga masanan ganinsu, har sun ba su suna.

Sau uku ana rufe ƙofa

Kasuwa na tsakar ci sai ta watse. Bayan abin da ya faru a Cintabaradan a watan Mayu 1990 tawaye ya tashi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka san hanyoyin duwatsu saboda aikin gid suka shiga daji da wannan ilimin. Mano Dayak kansa ya zama jagoran wani ɓangare. A 1992, shekara ɗaya da shigarsa jerin UNESCO, aka mai da Abzin da Tenere cikin wuraren gadon da ke cikin haɗari. Jiminun dajin sun ƙare a waɗannan shekaru. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da muke hutu kowace shekara, amma ranar 15 ga Disamba na shekarar Mano Dayak ya mutu a haɗarin jirgi cikin duwatsun. Filin jirgin Agadas sunansa yake ɗauke da shi.

Aka ƙone makamai a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000, baƙi suka komo. Kawu ya ce shekarun da suka biyo baya su ne na cin nama. Da sanyi jiragen Point-Afrique na sauka kai tsaye daga Faransa, an fara bikin Abzin a Iferwan a 2001, taron makiyaya na Ingal na cika da masu kyamara. Maƙera na sayar da azurfa, har an jera zanen sarƙoƙi ashirin da ɗaya a allo guda, kowane da sunan gari, aka ƙara na Mano Dayak. Lokacin husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda aka fi ganinsa sosai ta wajen Bilma, kawu ya ce ko mota mai ciwo sai da ta sami haya. Da kuɗin wannan shekarar ya gina ɗakin da muke zaune muna shan shayin.

Wata goma sha ɗaya bayan haka, a Fabrairu 2007, MNJ ta kai hari Iferwan. Aka dasa nakiyoyi a hanyoyi, jirage suka daina sauka. An lafa a 2009, mutane suka fara gyaran motoci, sai ranar 16 ga Satumba 2010 aka sace ma'aikata bakwai a Arlit, biyar Faransawa. Ranar 23 ga Mayu 2013 aka kai hari barikin soja na Agadas da ma'aikatar Somair a lokaci ɗaya. Wata guda bayan haka UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin gadon duniya. Yabo ya zo, amma ba kowa a gidan baƙi. A taswirar ofisoshin jakadanci an shafa wa yankinmu jan launi, kuma tseren Dakar ɗin ma tun 2009 ya bar Afirka.

Kat-kat ɗin ba su mutu ba, fasinja suka canza. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, direbobin da suka san Tenere suka koma ɗaukar masu tafiya Libiya. Dokar 2015-36 ta haramta wannan, aka kama motoci da mutane, har aka soke ta a Nuwamba 2023. A 2014 zinariya ta fito a Jado da Cibarakatan, samari suka kwarara can. A ƙarshen Maris 2021 Cominak ta rufe. Cikin waɗanda muka yi firamare tare, na ƙirga waɗanda ke ramin zinariya sun fi waɗanda ke jami'a, kuma akwai wanda bai komo ba. Kawu ya sayar da motarsa, yanzu albasa da dankali yake saye daga masu lambu yana aikawa kudu.

Abin da baƙi ba su tafi da shi ba

Ba zan yi muku ƙaryar cewa zamanin turis aljanna ne ba. Kawu da kansa ya ce kuɗin sun fi tsayawa a hannun masu kamfani a Agadas da Turai, ƙauye sai ɗan abin da aka saya. Yara sun koyi bin mota suna kiran "kado, kado". An kwashe kibiyoyin dutse da duwatsun niƙa na mutanen da daga cikin Tenere aka sayar, wasu suka rubuta sunayensu kusa da zanen da ya shekara dubbai. Kuma sana'ar da harsashi guda a Arlit zai iya kashe ta cikin dare ɗaya ba abin jingina gari ba ne. Tsibiran teku ma sun ɗanɗana haka a 2020, da annoba ta tsai da jirage.

Abin da ya fi damuna a taswirar kawu shi ne sunaye. Sautin nan na maƙogwaro da Tamajak ke da shi, Faransawa sun rubuta shi da "r". Shi ya sa za ka ga garinmu a wata takarda Tchirozérine, a wata Tchighozérine. Dattawan da na tambaya suna danganta sunan da eghazer, wato kwari ko kori, ke nan garin ƙananan koramu. Anu rijiya ce, adrar dutse ne, tenere fili ne da babu kowa, amdagh shi ne raƙumin dawa. Kowane suna yana gaya wa matafiyi inda ruwa yake, ko inda babu. Kawu ya san ɗaruruwansu, da Tamajak da Hausa, ya san wanda aka canza don ya yi wa anasara sauƙin faɗi. Ƙanena da ke aji shida bai san ko goma ba. Emgedesi ma haka ya tafi, ba ranar da aka yi shelar mutuwarsa, kuma da Barth bai rubuta ƴan kalmomin nan ba da ko labarinsa ba mu ji ba.

Na lura da wani abu kuma. Duk hotunan da ke cikin akwatin, baƙi ne suka ɗauka suka aiko. A kowane, kawu na tsaye a gefe, rawani a kai, yana nuna wani abu da hannu. Na tambaye shi ko ya taɓa kai ƴaƴansa Timiya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wa zai biya man?" Shekara da shekaru yana nuna wa duniya gidansu, mutanen gidan ba su gani ba.

To ni dai ga abin da na kawo gaban ƙungiyarmu. Ba sai mun jira jirgi daga Faransa ba. Daga Ciro zuwa Dabus tafiyar yini ɗaya ce, a je a dawo. Idan mu goma muka haɗa jika biyar biyar, kawu ya ce zai nemo mota wurin tsohon abokin aikinsa, kuma zai raka mu ba tare da an biya shi ba, da sharaɗin a nemi izinin hukuma tukuna, a kuma gai da masu gadin wurin da abin goro. Ni zan zo da littafi da na'urar ɗaukar murya ta wayata, duk kori da dutse da rijiyar da muka wuce ya faɗi sunanta da ma'anarta, mu rubuta yadda ake faɗi, mu buga a fitowa ta gaba. Wanda ke da kaka ko kawu da ya yi ayarin Bilma ko aikin gid, don Allah ya zauna da shi a wannan hutun kafin ƙasa ta rufe ido.

Abokina mai bidiyon Zanzibar ya ce a sa sunansa a farkon jerin. Na ce masa ya zo da rawani, don ƙurar da ya faɗa gaskiya ce, tana nan.